Ƙunsa Eclipse da OpenJDK don kwamfutocin da ba su da intanet a Gadarif

Malamin Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da rubuta manhaja a wata 'yar cibiya a nan Gadarif, gabashin Sudan, ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani ɗan uwana mai gyaran waya. Kwamfutoci 14 gare mu, duk waɗanda aka taɓa amfani da su ne, wasu an sayo, wasu sadaka aka ba mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 garin nan ya cika da waɗanda suka baro Kartum, ƙarshen shekarar kuma mutanen Wad Madani suka biyo su. A cikin ɗalibaina akwai waɗanda suna aji biyu ko uku a jami'a karatu ya tsaya musu. Da Java, harshen rubuta manhaja, suka fara, da Eclipse, manhajar da ake rubuta Java a cikinta, suka saba, shi ya sa nake so su ci gaba daga inda suka tsaya.

Na sa wa kwamfutocin Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, daga filashi, wannan bai ba ni wahala ba. Wahalar tana wajen Eclipse. Ba mu da intanet a ɗakin, sai in na ɗauki kwamfutata na je inda ake sayar da sa'a, a can ma wani lokaci fayil ya kusa sauka sai layi ya yanke. Da ƙyar na sauko da shi sau ɗaya, na warware shi a kwamfutata, ya tashi lafiya. Na kwafe foldar a filashi na zagaya da ita. A kwamfuta 11 ya ƙi buɗewa sai da na ba fayil ɗin eclipse izinin gudana da hannuna. Bayan ya buɗe, yaro ya rubuta manhajarsa ya danna koren maɓalli, sai ya fito da error=13, Permission denied. A sauran ukun kuwa ko motsi bai yi ba.

Abin da nake so shi ne in ɗaure komai a ƙunshi ɗaya irin na Debian, in sa filashi, in buga umarni ɗaya, a wuce wurin. Duk sati sai wata kwamfuta ta lalace saboda ɗauke wuta, ba zan iya zaman gyaran izini fayil bayan fayil ba.

Sannan ina so ya kasance a kan Java mai 'yanci zalla, wato OpenJDK, wanda kowa ke da ikon kwafa da gyarawa. Ina ɗalibi a lokacin takunkumin Amurka, wanda aka ƙaƙaba a 1997 ba a ɗage shi ba sai Oktoban 2017. Na san yadda zuciya take yi in ka buɗe shafi ya ce maka ƙasarka ba ta cikin waɗanda aka yarda su sauke. Da faifan sata muka yi karatu, daga hannu zuwa hannu, ba mu san abin da aka cusa a ciki ba. Ba na so yaran nan su taso a haka.

To me ya hana shi aiki? Kuma Java ɗin da ya zo a cikin Eclipse zan bari, ko in ɗora shi a kan na Debian? Ya halatta in kwafa wa kowane ɗalibi ya tafi da shi gida?

Ɗan Jidda ya amsa:

Wa alaikumus salam Ustaz. Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya nake yi a nan Jidda, irin wannan matsalar ta sha zuwa hannuna.

Laifin filashinka ne. Kusan duk filashin kasuwa da tsarin FAT32 ko exFAT yake zuwa, su kuwa ba su san izinin fayil irin na Linux ba. Da ka kwafe foldar a warware, alamar da ke nuna fayil na iya gudana ta goge a kan komai. Ka gyara ta fayil ɗin eclipse, amma can ciki, a foldar plugins, akwai Java ɗin da ya zo da shi, sunansa yana farawa da org.eclipse.justj, shi ma ya rasa tasa. Da ka ɗauki dunƙulallen fayil ɗin tar.gz yadda ya sauka ka warware a kowace kwamfuta, da ba ka ga wannan ba. Ƙunshin Debian, wato deb, shi ma yana riƙe izini a cikinsa, ko a wane irin filashi ka ɗauke shi.

Haɗa shi ba wuya. Ka buɗe folda, ka ce mata eclipse-cibiya. A cikinta ka yi opt/eclipse ka zuba Eclipse ɗin da ka warware sabo, ba wanda ya bi ta filashi ba. Ka yi usr/share/applications ka sa ɗan fayil mai ƙarewa da .desktop don ya fito a jerin manhajoji yara su danna. Sai foldar DEBIAN, da manyan baƙaƙe, a cikinta fayil mai suna control:

Package: eclipse-cibiya
Version: 1.0
Architecture: amd64
Maintainer: sunanka da adireshinka
Depends: openjdk-17-jdk, openjdk-17-source, libgtk-3-0, git
Description: Eclipse na cibiya

Daga nan sai dpkg-deb --root-owner-group --build eclipse-cibiya. Kalas.

Layin Depends shi ne zuciyar abin. Eclipse ba ya zana tagoginsa da kansa, laburarensa SWT yana jingina da GTK 3 na kwamfutar, shi ya sa na sa shi. Kada ka yarda ka ɗauki Java mai headless a ƙarshen sunansa shi kaɗai, wannan na sabar ne, ranar da yaro ya so buɗe taga da Swing zai faɗi. Na sa openjdk-17-source ne don in ɗalibi ya ɗora kibiya a kan String ko ArrayList bayani ya fito daga kwamfutar, ba sai an nemo a intanet ba. A wurin da babu layi wannan ya kai littafi guda.

In za ka nuna masa Java na Debian, ka buɗe eclipse.ini, fayil ɗin saitunan tada shi. Kalmar -vm a layinta ita kaɗai, hanyar /usr/lib/jvm/java-17-openjdk-amd64/bin/java a layin da ke bi mata, kuma dole su zo kafin -vmargs. Duk abin da ya zo bayan -vmargs injin Java ake miƙa wa, mai tada Eclipse ba ya duba shi. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe.

Saura sauko da abubuwan da ya dogara da su. Umarnin apt-get install --download-only yana tara su a /var/cache/apt/archives, sai dai abin da kwamfutar ba ta da shi kawai yake saukowa. In ka yi a kwamfutarka da ta riga ta cika da kaya, za ka isa aji ka tarar da giɓi. Ka ɗauki ɗaya daga cikin na ajin, sabuwar sakawa, ita za ka kai wurin intanet. Ka tara duka a folda ɗaya tare da naka ƙunshin, ka gudanar da dpkg-scanpackages a kanta, yana cikin dpkg-dev, sannan ka ƙara foldar a sources.list da [trusted=yes]. Filashinka ya zama ma'ajiyar apt ke nan.

Dattijon Makka ya amsa:

Sannu ɗana, Allah ya yi albarka. Yaron Jidda ya gama maka maganar hannu, ni tambayarka ta biyu da ta uku zan taɓa, don na ga wannan hanya tun tana daji.

A nan Makka aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya tsallako teku. Wataƙila ma ya taka garinku. Na fara taɓa Linux ina aiki a ɗakin kwamfuta na wata makaranta, shekaru sama da ashirin da suka wuce.

A wancan lokacin Eclipse mai 'yanci ne, IBM ta sake shi a Nuwamban 2001, amma Java ɗin da yake gudana a kansa na kamfanin Sun ne, a kulle. Kyauta ake saukewa, sai dai ba ka da ikon gyarawa ko rarrabawa yadda ka ga dama. Doki naka, sirdi da linzami na wani. A 2004 Richard Stallman ya yi rubutu a kan haka ya kira shi tarkon Java: ka rubuta manhaja mai 'yanci, amma ba za ta tashi ba sai da abin da ba shi da 'yanci. Debian da Fedora, wani nau'in Linux ɗin, ba sa sa irin wannan a babbar ma'ajiyarsu.

To sai mutane suka ɗaura ɗamarar sake gina Java daga tushe. GNU Classpath ya ɗauki laburaren, aji bayan aji. Aka sami injuna irin su Kaffe, JamVM, CACAO da SableVM. Aka sami GCJ, wanda yake harhaɗa Java ya koma harshen na'ura kai tsaye, a cikin GCC, tarin masu harhaɗa manhaja na GNU. Gwajin da kowa ya zuba wa ido shi ne ko za su iya ɗaukar Eclipse, don babbar manhaja ce mai taɓa kowane lungu. Abu biyu suka taimaka. Eclipse yana da mai harhaɗawa nasa, ECJ, bai dogara da javac na Sun ba. Kuma SWT ya bi ta GTK, bai buƙaci Swing ba, wanda shi ne ɓangaren da Classpath ya fi jinkiri a kai. A 2005 Fedora Core 4 ta fito da Eclipse da aka harhaɗa da GCJ. Na sa shi a kwamfutar makaranta. Yana da nauyi, wasu ƙarin kayan da ake liƙa masa ba sa aiki, amma ranar da ya buɗe ba tare da ko fayil ɗaya na Sun ba, wallahi na daɗe ina kallon allon.

A Nuwamban 2006 Sun ta sanar za ta saki Java a ƙarƙashin GPL, lasisin manhaja mai 'yanci, a Mayun 2007 laburaren ya fito da sunan OpenJDK. Ko a nan da saura, don akwai gutsattsarin da ba mallakar Sun ba ne, kamar mai zana haruffa da mai daidaita launi. Red Hat ta kafa IcedTea a Yunin 2007 don toshe waɗannan ramuka, aka sa FreeType da LittleCMS a gurbinsu, a 2008 ya ci jarrabawar dacewa da Java a kan Fedora 9. GCJ ya gama aikinsa, aka cire shi daga GCC 7 a 2017.

Na kawo maka wannan ne don ka san abin da ke hannunka. OpenJDK yana kan GPL ta 2 da keɓancewar Classpath, Eclipse yana kan lasisinsa na EPL. Ka kwafa wa ɗalibi, ka kwafa wa maƙwabcinsa, halal ne, ka dai bar takardun lasisin a ciki, kuma wanda ya nemi rubutun asali ya samu. Abin da za ka kiyaye shi ne bambancin OpenJDK da wanda Oracle ke rabawa da sunanta. Oracle ta sayi Sun a 2010, a Afrilun 2019 ta sauya sharuɗɗan sabunta Java 8 ga masu amfani da shi a kasuwanci, a 2021 ta sake fito da wasu sharuɗɗan ga Java 17. Kyauta daban, 'yanci daban. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ra'ayina, ka ɗora shi a kan Java na Debian. Java ɗaya a kwamfuta, in an toshe wata ɓaraka ta tsaro ka sabunta ƙunshi ɗaya kowa ya amfana. In kowace manhaja ta zo da nata a ɓoye a cikinta, wa zai tuna da su?

'Yar Maiwurno ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da tarihin nan ƙwarai. Amma a yi mini afuwa, akwai rami a shawarar ƙarshe, kada Malam ya faɗa.

Java nake rubutawa a wurin aikina a Riyad. Eclipse yana fitowa sau huɗu a shekara, Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma yana ɗaga mafi ƙarancin Java da zai tashi a kai. Fitowar 2020-09 ta nemi 11, na 2023 suna neman 17, na 2025 kuma 21 suke nema. Debian 12 tana da 17 ne. In sabon Eclipse Malam ya sauko, ya juya -vm zuwa na Debian, zai ƙi tashi gaba ɗaya. Malam, ka duba lambar fitowar taka kafin ka taɓa komai. In ta 2025 ce, ko dai ka nemi 2023-12, ko ka bar masa nasa.

Kuma barin nasa ba komawa tarko ba ne, Baba. Wanda ke cikin foldar justj ɗin OpenJDK ne shi ma, gidauniyar Eclipse ce ta ƙunsa shi. Java biyu ne a maganar nan, mutane na haɗe su: wanda ke tada Eclipse kansa, da wanda ke gudanar da manhajar ɗalibi. Na biyun ana zaɓarsa a cikin saituna, wurin Installed JREs. Za a iya barin na ciki ya ɗauki Eclipse, yara kuma su yi aiki da na Debian. Hujjar tsaro gaskiya ce a ofishinmu, amma kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba, filashin yara ya fi zama abin tsoro a kanta.

A faɗi gaskiya kuma, abin da Ɗan Jidda ya nuna naɗe kayan da wasu suka harhaɗa ne, ba ginawa daga rubutun asali ba. Ya wadatar wa aji. Ginin gaske irin na ƙa'idar Debian, inda ake harhaɗa komai ba tare da taɓa intanet ba, aiki ne mai cin rai, don Eclipse da kayan gina manhaja Maven da Tycho ake gina shi, su kuma suna janyo ɗaruruwan ƙananan laburare. Shi ya sa Debian ta daɗe a kan 3.8, daga baya ta cire shi kafin fitowar Debian 10 a 2019. Kada ka sa kanka a wannan, Malam, lokacinka na yara ne.

Kwamfutoci ukun da suka ƙi motsi, ka buga uname -m. In ka ga i686, masu bit 32 ne, Eclipse kuwa ya daina fitar musu tun 2018-12. Ba abin da za ka yi ya tashi. Ka sa musu Geany, ƙaramar manhajar rubutu, da openjdk-17-jdk, duka suna cikin Debian 12 na i386, wato na bit 32. Ni ma da javac a baƙar taga na koya, kuma na fi fahimtar classpath fiye da abokan karatuna da suka fara da danna maɓalli. Ka lura dai, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da mai sakawa na bit 32, su ukun nan a 12 za su zauna.

Ka duba ram, wato ƙwaƙwalwar aiki, na sauran kwamfutocin. Mai gigabait 4 zai ɗauka in ka rage -Xmx a eclipse.ini zuwa 1024m, ka kuma ɗauki ƙunshin masu Java zalla, ba na manyan kamfanoni mai kayan yanar gizo ba. Ka guji Maven a darasi tukuna, yana buɗe ido zai nemi intanet. In JUnit na gwada manhaja kake so, Eclipse ya zo da shi.

Maganar wuta. In ta ɗauke Eclipse yana buɗe, wani lokaci ba zai sake buɗe wurin aikin ba. Fayil ɗin .snap da ke cikin .metadata/.plugins/org.eclipse.core.resources ne yakan lalace, in ka goge shi yawanci sai ya tashi, aikin yaro na nan. Ka koya musu git, mai ajiye tarihin canje-canjen aiki, tun satin farko, ko ba sabar, a cikin foldarsu ma ya isa. Ka ƙara fonts-noto-core a Depends, ka tabbatar wurin aiki yana kan UTF-8, don yaranmu za su rubuta saƙo da Larabci, wasu da ɓ da ɗ da ƙ, kada su ga akwatuna.

Mahaifiyata tana Sinnar har yanzu, ƙanena biyu karatu ya tsaya musu. In ƙunshin ya yi kyau ina so a kai musu kwafi.

Ɗan Jidda ya sake amsawa:

Yaya ta yi gaskiya kan lambar fitowa, na manta da shi. Ustaz, kada ka ƙone kuɗinka a wurin sayar da sa'a. Intanet a nan ba matsala ba ne. Zan sa Debian 12 sabuwa a na'urar gwaji, ta bit 64 da ta bit 32, in tara duk ƙunshin a filashi biyu. Akwai ɗan unguwarmu da zai bi jirgin ruwa zuwa Sawakin bayan ya gama umara, daga Bur Sudan motar Gadarif ba ta yankewa. Zan haɗa da fayil ɗin sha256 don ka tabbatar babu abin da ya lalace a hanya. Ka turo mini jerin abin da kake so ta saƙon sirri.

Malamin Gadarif ya dawo:

Jama'a, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na yi shiru kwana biyu ne saboda ruwan sama ya hana mu fita, wanda ya san laka irin ta Gadarif a damina ya san abin da nake nufi.

Hajiya, kin ceto ni. Na duba, ta 2025 ce na sauko, da na bi hanyar farko da na sake kwana ina neman laifin da ba nawa ba. Ukun nan kuma i686 suka nuna kamar yadda kika ce. Na sa wa ɗaya Geany don gwaji, na zaunar da wata yarinya daga Madani a gabanta, wadda ta iso aji na uku a jami'a. Da farko ta ɓata rai, tana ganin an rage mata. Da ta harhaɗa fayil biyu da hannunta, ta ga fayilolin .class sun bayyana a foldar, sai ta kira ƙawarta ta zo ta gani. Ta ce shekara biyu tana danna koren maɓalli ba ta taɓa sanin abin da yake yi ba. Yanzu na yanke kowane sabon ɗalibi zai yi satinsa biyu na farko a kan waɗannan ukun kafin ya taɓa Eclipse.

A kan Java ɗaya ko biyu, na auna maganar Baba da ta Hajiya. Na zaɓi 2023-12 a kan Java 17 na Debian. Ba don tsaro ba, Hajiya ta gamsar da ni a nan. Dalilina shi ne yaro ya buga java -version a baƙar taga ya ga 17, ya shiga Eclipse ya ga 17, ya kai aikinsa kan masu Geany ya gudana ba gardama. In lambobi suka bambanta, ni kaɗai ne zan riƙa amsa tambaya, kuma ba kullum nake ɗakin ba. Abin da ke cikin 17 ya ishi duk abin da nake koyarwa, har da record da sabon salon switch.

Na gwada haɗa ƙunshin da wanda ke hannuna don in koyi hanyar. Sau biyu dpkg-deb ya ƙi, ashe fayil ɗin control yana son a rufe layinsa na ƙarshe da shiga sabon layi. Na uku ya fita. Na sa a kwamfuta ɗaya, ya zauna a /opt, yaro ba ya iya goge komai a ciki, saitunansa kuma suna tafiya foldar .eclipse a gidansa. Wannan kaɗai ya rage mini rabin gyaran da nake yi.

Baba, na karanta wa yara abin da ka rubuta bayan la'asar, muna shan jabana, wato gahawa, a ƙofar shago. Wani ya tambaya ko rubutun asalin ArrayList ɗin nan da gaske za su iya buɗewa su karanta. Na ce in filashin Jidda ya iso za su gani da idonsu.

Ɗan Jidda, na tura maka jerin. Ka ƙara openjdk-17-doc da dpkg-dev in akwai wuri, da batirin agogo irin CR2032 guda biyar in ɗan unguwarku zai iya ɗauka, don kwamfutoci huɗu suna tashi da kwanan wata na shekarun baya, yana rikita tarihin git. Hajiya, ki turo mini sunan unguwar a Sinnar, akwai direban da ke kai riɗi can duk sati, zan ba shi filashi ɗaya da takardar bayani da Larabci da Hausa.